Turmina a Ƙarƙashin Sifika

Baban Ashraf,

Sannu da ƙoƙari, injiniya. Na tashi neman turmina, ashe yana falo a kife, sabuwar sifikarka ta hakimce a kai. Dama jiya na ji abokinka Ernest yana cewa itace mai nauyi ke sa kiɗa ya fito tas. Madalla. Ban taɓa ba, tunda ka ce hannuna ɓata sauti yake.

Na wuce makaranta. Doya na nan na fere. Inna za ta iso daga Gyallesu bayan azahar, kuma sakwara ka yi mata alkawari da bakinka.

Ko ka mayar da turmi kicin, ko ka zaunar da mahaifiyarka ka kunna mata ta ƙoshi.

Naja'atu