Wasiƙa Zuwa ga Baba a kan Madubin da Na Zaɓa

Bodinga, Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, awa shida da dawowarmu daga madatsar ruwa ta Shagari.

Assalamu alaikum Baba, Allah Ya kai haske kabarinka.

Bayan gaisuwa, na kammala digirina a ilimin dabbobi. Masu ƙidayar tsuntsayen ruwa sun zo neman mataimaki, mutum ɗaya tak, kuma yau da safe suka gwada ni.

Na sayi madubin hangen nesa saboda wannan rana. Malaminmu ya ce a zaɓi mai kusanto da abu sau takwas: ba nauyi, kuma yana nuna fili mai faɗi. Ni na ɗauki mai sau goma sha biyu, ina ganin mafi ƙarfi shi ne mafi kyau. Ban lissafa da hannuna ba, Baba. Ka san yadda yake rawa idan ana kallona. Madubin yana kusanto da tsuntsu, yana kuma ninka rawar.

Ƙanena Bello ne ya kai ni a babur, ya zauna a kansa yana jira. Wani garken tsuntsaye ya tashi daga ciyawa, shugabar tawagar ta ce in faɗi sunansa. Ina ta lalube a sama, ba na ganin komai sai shuɗi. Daga bayana na ji muryar Bello: “Kirinjijiya ta, Yaya, ba ka ji hito nata ba?” Ya bambanta dinya da agwagwa tun suna ɗigo-ɗigo a nesa. Ya nuna zalɓe a inda na rantse kara ne. Shugabar ta karɓi lambar wayarsa, ta ce gobe za ta kira ɗayanmu.

Na tuna gonarka ta Mandera. Kana gaba da fartanya, Bello a gefenka, kana nuna masa tsuntsu kana ce masa: “Duba tahiyatai, bari launinai.” Ni kuwa ina gindin tsamiya da littafi, don ka ce kada rana ta taɓa ɗan boko. A lokacin na ɗauka ni ka fifita.

Ina kishinsa, Baba. Na san sunan kowane tsuntsu da Latin, na san tsawon fiffikensa, amma shi ka ba kunnenka. Shekara goma sha ɗaya yana bin ka gona. Ni kwana nawa ka ba ni?

A hanyar dawowa ya ce idan shi aka kira, in ara masa madubin, in koya masa sunayen tsuntsaye na Turawa. Hannunsa ba ya rawa. Na yi kamar iska ta hana ni ji.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:
wayar wa za ta yi ƙara gobe;
ko da mai sau takwas na saya, da na riga shi;
ko da na ajiye littafin na bi ku, da ka kore ni;
ko zan iya miƙa masa madubin ina kallon idonsa.

Na dai goge gilashin, na mayar da madubin cikin jakar ajiyarsa, na rubuta sunayen tsuntsaye ashirin a takarda da manyan baƙaƙe.

Allah Ya gafarta maka, Ya wanke mini zuciya kafin wayar ta shigo.

Ɗanka,
Nasiru