Jan Gashi a Hular Keming

Litinin, 4 ga Maris
Saƙo daga fada: Fon, sarkinmu, zai soka wa Keming jan gashin fen, tsuntsun dajinmu da aka hana kamawa, a hula, saboda gadar da ya tsaya aka gina. Mijina zai shiga sahun manya! Na yi guɗa har maƙogwaro ya yi zafi. Sai ina tuƙa tuwon masara abin ya faɗo mini: daga jikin wane tsuntsu za a cire?

Alhamis, 7 ga Maris
Na hau dutsen Kilum duba amyar zumata. Fen ɗin nan biyu suna bishiyar da ke kan amyata, suna jan tsinke. Sheƙa za su yi. Ni da bakina na faɗa wa Keming wurin, makon jiya. Bakina ba ya riƙe komai.

Asabar, 9 ga Maris
Keming, mutumin da ke kukan gwiwa in na ce ya rako ni, yau ya dawo da jar lakar dutse har ƙauri. Wai iska ya je sha. Iska ta ƙare a garinmu Elak ne?

Laraba, 13 ga Maris
Na tambaye shi kai tsaye. Dariya ya yi. "Maman Yefon, tunda suka sa ki a kwamitin daji kowa ya zama ɓarawo. Fada na da tsofaffin gashi tun na kakanni." To, wataƙila. Amma danƙon kama tsuntsu da ke rataye bayan ƙofa fa, ina ya shiga?
Ni na tsaya gaban mutane bara aka ci tarar ɗan Ngum akuya kan tarko. In na kama Keming, ko dai in kai shi ya rasa hular, ko in bar kwamiti. Ina jin tsoro.

Lahadi, 17 ga Maris
Fen ɗaya na gani a bishiyar. Na jira har hazo ya rufe ni. Yana ta kira, ba mai amsawa. Shaho ma yana ɗauka, ai.

Asabar, 23 ga Maris
An yi bikin. Bammi, ganguna, Keming a tsakiya kamar sabon ango. Da ya sunkuyo in gaishe shi na ga gashin kusa da idona. Ja wur, yana sheƙi, ko ƙura babu. Ya raɗa mini, "Kin ga mijinki?" Na gan shi. Na yi rawa har ƙafa ta kumbura, kuma da gaske na ji daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 28 ga Maris
Taron kwamiti. Baba Ndifon, shugabanmu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Akwai abin da kika gani a ɓangarenki?" Na ce lafiya lau.
Gobe zan sauko da amyata daga gindin bishiyar nan. Tururuwa sun yi yawa a wurin.