Na Manta Muna Gaba

Laraba bayan Isha'i, Toranke

Yau na yi abin kunya a kasuwar Ajingi. Na hango Larai maƙwabciyata wajen masu daddawa, na je na riƙe mata hannu, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da ciwon ƙafar mijinta. Ina ta zuba, ita kuwa idonta ya ciko. Sai da na shiga mota na tuna ashe tun kakar bara muke gaba.

Na daɗe ina shan maganin HIV, ba na fashi, duk awo kuma cewa suke ƙwayar cutar ta kwanta. Amma ma'aikaciyar asibiti a Gaya ta taɓa cewa masu irin ciwonmu, idan girma ya zo, mu riƙa lura da mantuwa. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya, yau kuma gaba sukutum na manta.

Da magariba sai ga Larai da kwanon dambu. Ta ce, "Yaya Binta, ki yafe min maganar nan." Na ce na yafe. Wallahi ban san wace magana ba ce.

Muna cin dambun na tambayi Malam me ya haɗa mu da Larai. Ya ce yana tune sarai, amma ba zai faɗa ba.

Na ce, "Malam, tsoro nake ji. Kada wata rana kai ma mijina in manta ka."

Ya ajiye cokali. Can ya ce, "Ranar karɓar magani zan raka ki mu faɗa wa likita. Ya duba mantuwar gishirin. Ta Larai kuwa ya bar mana ita."