Kafin Idon Mama Ya Rufe

Luveve, Bulawayo
6 ga Oktoba

Zuwa ga matata, MaMlotshwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kuma kumburin ƙafar nan da tsayuwar asibiti ke jawo miki ya sauka. Yaya Polokwane? Mu nan lafiya lau, in ban da zafi. Mama tana gaishe ki.

Kayan kwamfutar sun iso. Direban da kika ba wa ya sauke su ranar Asabar, daga tsakanin buhun shinkafar wani da katifar wata, kuma babu abin da ya fashe. Shi zan ba wa wannan takarda in zai koma. Kin san wanda ya tsufa a teburin gyaran labarai na gidan jarida ba ya iya faɗin magana a saƙon waya.

Na haɗa kwamfutar da hannuna a kan teburin cin abinci, ina bin littafin kowane kaya layi-layi. Ta tashi a karon farko. Mama ta sa na ajiye ta a kabad ɗin gilashi na falo, a gurbin tsohon rediyon marigayi Baba, na zaro wayoyin ta baya.

Mun koma wurin likitan ido. Idon Mama na hagu ya riga ya tafi, wannan kin sani. Na dama kuma, in ji shi, hasken da ya rage yana tsukewa kamar na mai leƙe ta bututu, kuma maganin ɗigawa rage masa gudu kawai yake yi. Bai faɗi lokaci ba, ni ma ban tambaya ba. A hanyar gida Mama ta sake maimaita abin da take so: ta ga Baba yana motsi ko sau ɗaya, kafin duhu ya gama rufewa. Kaset ɗin bikinmu ne kaɗai wurin da yake. An juya mini shi zuwa na kwamfuta a gari, amma hoton ya dushe ƙwarai, ni mai ido biyu ma da ƙyar nake gane mutane. Manhajar da na samu za ta haskaka shi ta fito da fuskoki, sai dai aiki ne na yini guda cur, kuma dole ta yi shi a tafiya ɗaya.

A nan matsalar take. Kwamfutar ba ta kaiwa ƙarshe. Sai ta yi nisa, allon ya koma shuɗi ko ta mutu ɗif, aikin ya koma farko. Kada ki damu, sabon haɗi yakan yi haka. Zan gano.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mijinki,
Mehluli


Luveve
19 ga Oktoba

MaMlotshwa tawa,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya aiki, yaya jiki? Na ji daɗin muryarki ranar Lahadi, ko da yake na ji gajiya a cikinta. Mama tana nan, tana cin abinci, tana barci.

Ban gano ba. Ga abin da na yi, don kada ki ɗauka zaune nake. Na zare ram ɗin, wato sandunan ƙwaƙwalwarta, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Na goge komai na sake ɗora manhajar daga tushe. Na zargi wutar gari, tun da kin san yadda take zuwa tana komawa, sai na mayar da kwamfutar kan batirin sola, na kashe firji don ya ishe ta. Ta mutu duk da haka. Na zargi zafi, na fito da ita kan tebur, na buɗe cikinta, na zauna ina kallon ma'aunin zafin har wuyana ya ƙage. Bai hau ba. A tebur ba ta taɓa yi mini gardama ba, sai na rufe ta na mayar da ita na ba ta babban aikin.

Ranar Talata na rungume ta a cinya cikin kombi, ƙaramar motar haya, zuwa shagon Zenzo, ɗan ajinmu na sakandare da ke gyara a gari. Kwandastan ya ce sai na biya mata kujera, wata mata ta ce ya bar ni, ai jaririyata ce. Zenzo ya riƙe ta, ya riƙa ɗora mata aiki mai nauyi duk sanda aka kawo wuta har washegari, ko tari ba ta yi ba. Da na je ɗauka yana cin masara gasasshiya, ya ce, “Tsoho, wannan ta fi ni da kai lafiya. Gidanku ne ba ta so. Ka kira fasto ya yayyafa mata ruwa.” Na ce masa ya bar min aikin bikin a shagonsa kawai. Ya ce, “Yini guda? Da wutar layinmu? Janaretona na mai walda ne, in ya ɗauke abinsa ni ma kallon bango nake yi.”

Na dawo da ita. Ta mutu kafin la'asar.

Abin da ya fi damuna ba kwamfutar ba ce. Jiya Mama ta tsiyaya shayi a gefen kofi, tana ta zubawa a kan faranti ba ta sani ba, sai da ya taɓa mata yatsa. Ta yi dariya ta ce kofin ne ya matsa. Kowace safiya kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, “Yau ne, Mehluli?” Na gaji, MaMlotshwa, irin gajiyar da barci ba ya cirewa. Har na fara tunanin ko in nuna mata dusasshen haka nan, amma na gwada sanya mata shi a waya, ta ce hayaƙi kawai take gani.

Kada ki sake sayen komai tukuna. Ban san abin da zan ce ki saya ba.

Naki,
Mehluli


Luveve
2 ga Nuwamba

Matata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba. Mama lafiya, in ban da abin da kika sani.

Na gano. Zauna kafin ki karanta, don ban san ko dariya za ki yi ba.

Ranar Alhamis matan zumuntar coci sun zo duba Mama. Na buɗe kabad ɗin zan ɗauko musu kofunan baƙi, sai wani hucin zafi ya daki fuskata kamar na buɗe tanda. Na ɗora hannu a kan kwamfutar, na ji ulu. Rigar da ake lulluɓe ta da ita ce. Ban taɓa ambata miki ita ba domin ban taɓa ganinta ba, kamar yadda ba na ganin wadda ke kan talabijin da wadda ke kan keken ɗinki da ta bayan kujera. Tun ranar da kika ce kaya suna hanya Mama ta fara saƙa ta da kwarashi, da lalube, ta yi mata shafi da tsohon bargo don ƙura. Ta rufe sama, ta sauko gaba, daidai inda fankokin ke shaƙa da fitar da iska. Sai kuma a rufe ƙofar gilashi a kanta, a watan Oktoba.

Kada ki ce Mama ce. Duk lokacin da zan yi gwaji, ni nake cire rigar in ninke ta a hannun kujera. In na gama, ni nake mayar da ita, in daidaita gefunan, in rufe gilashin. Hannuna yana yin haka tun ina yaro, ba ya neman izinina.

Faɗa mata ya fi ganowar wuya. Na jira baƙin suka tafi. Ta ce, “Matarka tana can tsaye a kan marasa lafiyar wasu don ta sayo wannan abu, kai kuma ka bar shi tsirara a falo kamar na gidan da babu mace?” Na ce numfashi take yi, Mama, kamar mutum. Ta ce, “To ni da na saƙa, ban bar mata ramuka ba ne? Saƙa ai duk ramuka ce.” Na tuna mata bargon. Sai ta ce, “Ashe ni na riƙa kashe ta.” Na ce mu biyu ne. Ba ta ci tuwon dare ba.

Yanzu kwamfutar tana kan tebur, tsirara, da fankar ɗaki a gefenta. Mun koma cin abinci a cinya. Gobe da sassafe zan ɗora mata aikin. Ba na son in lissafa abin da makonnin nan suka ci daga idon Mama, amma jiya ta wuce ni a tsakar gida ba ta san ina wurin ba.

Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Mehluli


Luveve
9 ga Nuwamba

MaMlotshwa, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Direban zai tashi gobe, ya ce za ta riga Lahadi isa hannunki. Ina so ki karanta ta kafin ki kira Mama.

Aikin ya kammala, kwamfutar ba ta ko girgiza ba. Hoton ya fito fiye da yadda na zata. Na ga mayafinki, na ga kaina da gashi.

Na jona shi da talabijin ranar Laraba da hantsi, lokacin da idonta ya fi ƙarfi. Na rufe labule. Mama ta sa rigar cocinta, ta ɗaura ɗankwali, kamar za a zo neman aurenta. Na jawo mata kujera har gwiwarta tana taɓa teburin talabijin. Tana juya kai a hankali, tana neman hoton da ɗan abin da ya rage mata. Ta gane waƙar, ta bi ta ƙasa-ƙasa. Ta tambaye ni ko farin nan ke ce, na ce ke ce.

Sai aka nuno bakin rumfa, wani dogo cikin baƙar kwat yana tsaye ya harɗe hannu a baya. Mama ta miƙa yatsa har ya taɓa gilashin. Ta ce, “Ga shi nan. Dube shi, ana biki ya tsaya kamar mai jiran jirgin ƙasa. Zauna mana, mutumin nan!” Ta yi dariya, hawaye yana zuba. Ta bar yatsan a wurin har hoton ya wuce.

Baba Ƙarami Lameck ne, MaMlotshwa. Ƙanen Baba. Tsayinsu ɗaya, kwat ɗinsu iri ɗaya. Baba yana shigowa ne jim kaɗan bayan haka, daga hagu, yana rawa da sandarsa, fuskarsa tar kamar a miƙa hannu a taɓa. Amma kafin ya shigo ta riga ta jingina da kujera ta rufe ido, ta ce hasken yana soka mata kai. Na ce, “Mama, ƙara duba kaɗan.” Ta ce, “Ya isa, ɗana. Na gan shi. Kashe.” Baba ya yi rawarsa har ya gama, ni kaɗai nake kallo.

Washegari na ce mu sake kallo, ta ce a'a, ba ta son ta ɓata wanda ta gani. Tun daga ranar take cin abinci sosai, har ta nemi ƙarin nono a kan tuwo. Ba ta ƙara tambayata komai da safe ba.

Ranar Lahadi za ta ba ki labari. Za ta ce ta ga Baba tsaye a bakin rumfa ya ƙi zama. Kin san bikin nan, kin san wanda ya tsaya a wurin. Ki ce mata haka ne, kin tuna.

Ki kula da ƙafafunki. Ina kewarki ƙwarai.

Mijinki har kullum,
Mehluli