Na Ce Injin Baba Ya Mutu, Yanzu An Miƙo Mini Gudumar Fasa Shi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana. Masu saurin rubuta "ka ji tsoron Allah" kuma ku ɗan riƙe yatsunku ku kai ƙarshe tukuna, don na san wa'azin da za ku yi mini, na riga na yi wa kaina shi har na gaji. Shawara na zo nema. Na san abin da na yi ba daidai ba ne, amma ba ni kaɗai ne mara kirki a cikin labarin nan ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa zuciyata ta huce ba.

Ni ɗan unguwar Kilomita Biyar ne a nan Bangui, a nan aka yanke cibiyata. Sana'ata aikin ƙarfe, ina aiki da tur, wato injin nan da ke juya ƙarfe kana fere shi da wuƙa har ya fito daidai awon da kake so. In sandar injin niƙan gozo, wato garin rogo, ta cinye, ko ƙarfen ƙafar moto-taksi ya lanƙwashe, ko fanka ta fara rawa, ko famfon rijiya ya ƙi ja, wurina ake kawowa, har daga unguwar Yakite. Sai dai injin ba nawa ba ne. Na maigidana ne da muke kira Baba, Allah ya jiƙansa. Shi ya ɗauke ni tun ban san hannun damana ba ya koya mini aiki, matarsa Hajiya kuma ita ta ciyar da ni a kwano ɗaya da 'ya'yanta. Injin yana cikin wata rumfar kwano a bayan gidansu, kuma a rumfar nan na yi gemu.

Da rikici ya ɓarke a garin nan Baba ya kwashi iyalinsa suka bi manyan motoci zuwa Kamaru. A ƙofar gida ya kama hannuna ya ce, "Ga gida, ga inji. Amana." Ni na zauna. Na kwance moton da ke juya injin na ɓoye shi a tsohon durom, na shafe gangar jikin da giris, na jibga masa ruɓaɓɓun kwanuka da tayoyi har ya koma kamar juji, don kada mai neman abin ɗauka ya kalle shi sau biyu. Wanda ya zauna a unguwar nan a shekarun nan ya san abin da zama yake nufi, ba sai na faɗa ba. Baba a can ya rasu, ban ma ga gawarsa ba. Da ƙura ta lafa na sake haɗa injin na ci gaba da aiki, ina aika wa Hajiya rabonta. Ku da kuke da wuta kullum ba za ku gane ba, mu nan in ƙwan lantarki ya kama ko loma ce a bakinka ajiyewa kake yi ka ruga rumfa, don ba ka san yaushe za a sake ɗauke ta ba. Haka na rayu da injin nan. A cikin shekarun ne wani pinyo na cikin akwatin giyarsa, irin faifan ƙarfen nan mai haƙora, ya kakkarye. Na zaga gari ban samu irinsa ba, injin ya girmi duk masu sayar da kayan. Na zauna da zarto da magagari na yanka sabo da hannuna, haƙori bayan haƙori, har tafin hannuna ya ɗure ruwa ya fashe. Tsohon kuma na jefa shi cikin gwangwanin fenti na manta da shi.

To bana Hajiya ta dawo gida, tare da autanta, bari in kira shi Nasiru. Yaron da na sha goyawa a kafaɗa in kai shi kasuwa ya ga masu sayar da rediyo, yaron da ya sha yi mini fitsari a wuya. Ya dawo daga Duwala da ƙamshin turare da takalmi mai tsini, in ka yi masa Hausa ya amsa maka da Faransanci. Da yana kirana Yaya, yanzu na koma Malam. Ya shigo rumfa yana ɗage ƙafar wando kada mai ya taɓa shi, ya zaga injin, ya ce ya kama shago a bakin babban titi kusa da kasuwa, can za a mayar da tur, ƙanin matarsa ne zai riƙa aiki da shi don ya yi makarantar koyon sana'a.

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Kai ai gadi aka bar maka, Malam, kuma ka yi. Singila mingi."

Gadi. Jama'a ku ji fa, gadi. Har da godiya da yaren Sango ya haɗa mini, irin wadda ake yi wa mai tura baro in ya sauke maka kaya. Ina yake lokacin da nake kwance a ƙarƙashin injin nan ina jin harbi yana wucewa ta saman kwano? Ina makarantar ƙanin matarsa take lokacin da hannuna ke zubar da ruwa a kan magagari? Na sani, gado nasu ne, ko alƙali ba zai ba ni ƙusa ɗaya ba, kuma ban taɓa cewa nawa ne ba. Amma da ya ce, Yaya zo mu koma titi tare, wallahi da a kaina zan ɗauki injin in kai masa. Bai ce ba. Ya ga dai wani baƙin mutum mai warin giris da ya kamata a share tare da tayoyin.

Ranar Juma'a, mutane suna wucewa masallaci da dardumansu, ni na ja ƙofar rumfa na rufe. Na buɗe akwatin giya, na zare pinyon da na yanka, na lalubo tsohon karyayyen a gwangwani na mayar da shi gurbinsa. Ina yi ina gaya wa kaina ai wannan ɗaya dai nawa ne, ba a gadon kowa yake ba, ƙarfena ne da gumina. Ina ɗaure ƙusa ta ƙarshe na ji liman ya sallame. Ban taɓa rasa Juma'a da gangan ba sai ranar, kuma kunyar wannan tana nan a wuyana.

Dabarata mai sauƙi ce, ko in ce ta wawa. Na ɗauka in Nasiru ya ga inji ya lalace zai yi tsaki ya bar shi a rumfa ya koma Duwalarsa, ni kuma bayan 'yan watanni in mayar da pinyona in ce na yi masa dabara ya tashi. Washegari ya zo da ƙanin matarsa da masu ɗaukar kaya, aka jira wuta ta zo, aka ce in kunna a gani kafin a kwance. Na kunna. Injin ya yi wata ƙara kamar ana yanka akuya, ya cije, bel ya fara hayaƙi, na kashe da sauri ina salati kamar ban san komai ba. Ƙarar ce ta fito da Hajiya daga cikin gida, tana dafa bango.

Ta ce, "Ɗana, me ya same shi?"

Na ce, "Hajiya, ya gama aiki. Haƙoransa sun zube, kuma irinsu ba a yi yanzu."

Ta ce, "Ba ya gyaruwa?"

Na ce, "Wallahi ba ya gyaruwa."

Babu wanda ya ce in rantse. Bakina ne ya yi gaba da kansa, a gaban matar da ta yi mini wanka da ruwan ɗumi ranar da ƙyanda ta kama ni.

Ƙanin matar Nasiru da na raina shi ya buɗe akwatin ya ciro pinyon, ya goge shi da tsumma, ya juya shi a rana. Ya ce wa Nasiru, "Wannan karayar ba ta yau ba ce. Ƙarfe in ya karye yanzu bakinsa fari ne yana ƙyalli, wannan ya yi baƙi har da tsatsa." Kun ji abin da ya fi ƙona mini rai. Ni da na tsufa a kan ƙarfe, ni da nake koya wa mutane wannan maganar, fushi ya rufe mini ido na manta da ita. Na yi ta kame-kame, na ce ai ya daɗe da tsagewa, da lallami nake aiki da shi. Nasiru ya dube ni tun daga silifas har hula, ya yi wani ɗan murmushi, ya sallami masu ɗaukar kaya.

Bayan kwana biyu ya same ni a rumfa ni kaɗai. Wannan karon Hausa ya yi mini, tsaf, ashe bai manta ta ba.

Ya ce, "Ranar Alhamis mai niƙa ta karɓi sandarta a nan, na tambaye ta. Mataccen inji ne ya fere ta?"

Na ce, "Ajali ba ya sallama."

Ya ce, "Haka ne. Tunda ya mutu sai a yi masa sutura. Na kira masu sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar za su zo."

Na ce in dai a kilo za a sayar, ni zan saya. Ya ce, "Me za ka yi da gawa, Malam?" Na tura wani abokina ya je a matsayin mai saye, Nasiru ya ce masa sharaɗinsa ɗaya ne, ba za a fitar da injin ɗungurungum ba, a tsakar gidan za a farfasa shi a gaban idonsa, a fita da shi gutsure-gutsure. Ko da ma ya sayar, matata da na gaya wa gaskiya ta ce da ni, "A ina za ka kunna shi? Duk unguwar nan har kaji sun san muryar injin nan." Ta yi gaskiya, kuma tun ranar ba ta ƙara ce mini komai a kai ba, abinci kawai take ajiyewa ta tashi.

Kun gane abin da yaron nan yake yi? Ya sani. Ya san pinyon yana hannuna, ya san in an mayar injin zai tashi lafiya lau. Ba ya so ya ce mini ɓarawo, so yake in fito da shi da hannuna in ajiye a gaban uwarsa. In kuma na ƙi, ya gwammace ya ga injin ubansa ya zama tarkace da ya bar ni da shi. Wane irin ɗa ne wannan? Injin da ya biya masa kuɗin makarantar da yake yi mana Faransanci da ita. Na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba, in na hango takalmin nan nasa a bakin rumfa har ɗaci nake ji a bakina. Amma in na zauna ni kaɗai sai in ce to kai fa, wane irin mai riƙon amana ne? Shi guduma zai kira, ni kuwa ni na fara kashe shi da baki.

Jiya da la'asar Hajiya ta aika a kira ni. Na same ta a kan tabarma idonta ya kumbura. Ta ce sun yi faɗa da Nasiru, wai ya ce mata ƙarya nake yi, na cire wani abu na ɓoye. Ta ce, "Na gaya masa, wanda ya zauna cikin wuta ya tsare mana gida ba zai dube ni ya rantse da Allah a kan ƙarya ba. Na ce in ya sake faɗa ban yafe masa nonona ba." Tana faɗa tana riƙe da hannuna. Ni ko ɗaga kai ban iya ba, ƙasa nake kallo.

Sannan ta ce tana da roƙo ɗaya. Ta ji an ce gangar injin ƙarfen zubi ce, wuta ba ta yanka shi da kyau, da manyan guduma ake fasa shi. Ta ce ba za ta iya zama a ɗaki tana jin baƙi suna dukan injin mijinta kamar sun kama ɓarawo ba. "Kai ka san shi, kai ka san inda zai rabu ba tare da an wulaƙanta shi ba. Kai za ka fasa shi, ɗana. Ka cire mini hannun injin nan da marigayi yake riƙewa in ajiye." Na ce to. Me zan ce?

Yau Alhamis. In na fito da pinyon, injin zai rayu, a ɗauke shi a kai titi wani ya ci da shi, Nasiru ya yi murmushin nan nasa, tsohuwar nan kuma ta gane ta yi wa ɗan cikinta baki saboda maƙaryaci. In na yi shiru, ba wanda zai iya kama ni har abada, Hajiya za ta mutu tana sa mini albarka tana fushi da ɗanta a kan gaskiyar da ya faɗa, ni kuma jibi da safe zan ɗaga guduma in sauke a kan lafiyayyen inji da na kwana a ƙarƙashinsa don kada wani ya taɓa shi. Na gwada ɗaga gudumar ɗazu a rumfa don in ji nauyinta, hannuna ya ƙi.

Ku zage ni in kun ga dama, na ji. Amma bayan zagin ku gaya mini, kafin Asabar, me zan yi?