Haƙorin Inna da Zumar Ngaski

Yelwa, Yawuri
Maris, 1989

Zuwa ga Yayata Balaraba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa kamar ruwan Kainji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti.

Yaya, maganar ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na rubuto. Ina zargin ana neman Innarmu da aure. Wani mai zuma ne daga Ngaski, Malam Cindo. Duk ranar kasuwa, da kwalekwale ya sauke shi sai ya yo gidanmu da gora, ya ce, "Wannan ta Hajiya ce, ba ta sayarwa ba." Inna kuwa in za ta amsa gaisuwarsa sai ta rufe baki da mayafi kamar budurwa. Ta rame, ba ta son tauna komai, kullum tana bakin randa, ga ƙanshin kanumfari duk inda ta gifta. A littattafan da nake karantawa haka so yake farawa, da rama da kunya. Har haƙorin Makkan da take taƙama da shi ta daina bari a gani. Ina jin nauyin Baba take ji, Allah Ya jiƙansa, tunda shi ya kai ta aka dasa mata a Jidda.

Don Allah kada ki ce ni na faɗa.

Ƙanwarki,
Zulaihatu

Sakkwato
Afrilu, 1989

Zulai,

Wa'alaikumus salam, muna lafiya. Takardarki ta ba ni dariya, daga baya ta hana ni cin abinci. Ajiye littattafan nan ki yi mini aiki. Ki duba makewayi in Inna ta fito, ko kiyashi na taruwa. Sannan ki san dabarar da za ki ga dasashinta.

Haƙorinta ba irin na sauran alhazai ba ne da ake lulluɓa wa zinari a sama. Nata karyewa ya yi, aka dasa ƙarfe cikin ƙashi aka kafa sabo a kai. In mutum na da ciwon suga, wurin yakan kumbura ya ƙi warkewa, kumburin ya yi ta cin ƙashin har ƙarfen ya rasa abin kamawa. Kuma wa ya ce ta sha zuma? Ni ban yarda da Cindon nan ba.

Ki amsa da wuri.

Yayarki,
Balaraba

Yelwa
Afrilu, 1989

Yayata,

Bayan gaisuwa, na duba. Kiyashi kam baƙi ƙirin.

Dasashin kuma sai da na ce zan yi mata kitso. Kanta na bisa cinyata ta yi hamma. Yaya, naman ya yi ja jawur, ya janye har ana hango ƙarfen, haƙorin na rawa in harshe ya taɓa shi. Ta kama ni ina kallo.

"Mi kika gani? Balaraba ta sa ki, ko? To ki gaya mata ban zuwa Sakkwato a cire mani abin da ubanku ya bar mani."

Ashe ita ta roƙi zumar. Tana shafa wa dasashin, tana sha safe da yamma, wai zuma waraka ce.

Ni da ko ɗan aike ba na iya haɗa ido da shi, ranar kasuwa na tare Malam Cindo a zaure. Na karanta masa abin da kika ce, amma na tsallake inda kika ce ba ki yarda da shi ba. Ya daɗe yana kallon gorarsa. Ya ce, "Ashe ni ke ƙara mata." Sai ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida: "Hajiya, haƙori kaɗai Alhaji ya bar miki, ko har da 'ya'ya?"

 Da yamma sai na ga Inna ta fiddo akwatin tafiyarta tana kakkaɓewa. Ki tare ta a tasha ran Litinin.

Taki,
Zulaihatu

Yelwa
Mayu, 1989

Yayata,

Gaisuwa da godiya. Inna ta iso lafiya, tana shan maganin kamar yadda kika ce, kumburin ya fara saɓewa. Haƙorin da likitanku ya cire ta ƙulle shi a gefen zane, ba ta rabuwa da shi.

Malam Cindo ya zo jiya. Babu gora, shuwaka ce cike da kwando. Inna ta ce, "Wanga mutum, daga zuma sai ɗaci?" Ta yi dariya da giɓinta a fili, ko mayafi ba ta ja ba.

Ciwo kam ke kika gano shi, Yaya. Amma yanzu da ba a shan zuma a gidan nan, me ke kawo shi?

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Zulaihatu