Girkin Murhun Yomi

Garin Iya, farkon watan bakwai

Zuwa ga Yayana Tadanori,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya Sapporo? Na zaɓi takarda ne don na san halinka a waya, kafin in kai ƙarshen magana ka ce ana jiranka.

Baba ya faɗi a matakalar wurin bauta yana ɗauke da akwatin fuskokin katako na rawar kagura da yake yi wa alloli, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi tiyata, likita ya ce aiki ya yi kyau. Ba ƙugun ne ya hana ni sukuni ba. Baba ya ƙi cin abinci.

Tun rasuwar Inna ka san kansa yana zuwa yana dawowa. To, da ya farfaɗo ya gan shi a ɗaki marar taga, mutane sanye da fari sun rufe baki da hanci, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa Yomi aka kawo shi, ƙasar matattu. Labarin kuwa ka fi ni saninsa, tunda kai ka sha mafici a ka wajen haddarsa daga tsofaffin littattafan nan na Baba, ni ina leƙe ta bayan ƙofa. Izanami uwar alloli ta mutu wajen haihuwar allan wuta, mijinta Izanagi ya bi ta har can ya ce ta dawo, ƙasar da suke haifa ba ta kammalu ba. Ita kuma ta ce masa kaico, da ya zo da wuri, ta riga ta ci girkin murhun Yomi. Wanda ya ci ba ya komawa gida. Baba ya shekara hamsin yana rera wannan a gaban jama'a, yau ga shi ya kwanta a cikinsa.

Na dafo shinkafa da miyar miso daga gida. Har ya miƙa hannu, sai wata nas mai suna Kayoko, yarinyar kirki, ta ce ai ya huce, bari ta ɗumama masa. Kafin in buɗe baki ta fice da kwanon. Da ta dawo yana tururi, Baba ya dube ni ya ce, "Fumie, har da ke? Wutar nan ta taɓa shi." Tun ranar duk abin da aka dafa, ko daga ina ya fito, sai ya juya fuska bango.

Ina jin tsoro, Yaya, kuma ni kaɗai ce a nan.

Ƙanwarka,
Fumie

Iya, tsakiyar watan bakwai

Yaya Tadanori,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan tarin da ka ce ƙaramarku tana yi ya sake ta. Saƙonka ya iso. Ka ce rikicin tsufa ne, yunwa za ta koya masa hankali, kai kuma ba za ka zo ba sai aikin gadar da kuke ginawa ya lafa. Sannu da ƙoƙari. Da ka ga wuyan hannunsa da ba ka rubuta haka ba.

Abu guda ya riƙe shi, itacen momo na bayan gidanmu. Na tuna cewa da 'ya'yan momo Izanagi ya jefi rundunar Yomi da ta biyo shi a gangaren nan da ke bayan garinmu, suka koma da baya. Na tsinko na kai masa. Ya juya ɗaya a hannu, ya ga inda tsuntsu ya caka, ya shinshina, ya ce, "Wannan na gida ne." Ya ci har ruwan yana bin haɓarsa. Na fita baranda na yi kuka na more. Yanzu kullum da safe sai in hau tsani, ni da gwiwoyin nan nawa, ka zo ka ga wasa.

Amma momo da ƙarin ruwa ba sa ɗinke ƙashi. Likita ya ce ba zai sallame shi ba sai ya ci abinci ya iya tsayuwa. Baba ya ce ba zai ci ba sai a gida. Ni ce a tsakiya. Na roƙi likita ya ba ni shi in yi jinyarsa a ɗakinsa, ya tambaye ni wa zai riƙa ɗaga shi, ya kuma ce irin wannan shawara da babban ɗa ake yin ta. Shi ma Baban da na ce zan fitar da shi dariya ya yi mini. Ya ce, "Ke ai mai kawo saƙo ce. Daga Yomi mutum ba ya fita da kansa, sai an zo ɗaukarsa. Tadanori zai zo." Duk sanda aka turo ƙofa sai ya ɗaga kai.

Na san abin da ke tsakaninku. Na san ranar da ka ajiye masa fuskar Izanagi a gabansa ka ce kai ba za ka ƙare rayuwarka kana yi wa katako rawa ba, da abin da ya faɗa maka a bakin ƙofa. Shi ya manta, Yaya. Ciwon nan ya share masa faɗan, ya bar masa kai. Jiya cewa ya yi in gaya maka ka riƙa ɗaga diddige in kana juyi a rawa.

Momo ya kusa ƙarewa a rassan ƙasa, kuma rediyo na ta maganar guguwa daga kudu. Ka taimake ni ka zo.

Taka,
Fumie

Iya, ƙarshen watan bakwai

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce.

Guguwa ta zo ta kakkaɓe itacen tas. Na tsince na ƙasa cikin laka, abin da ya yi saura ya ruɓe a hannuna. Kwalin momo da ka aiko daga kanti ya iso, manya jajaye kamar an zana su. Na gode. Baba ya ɗauki ɗaya ya duba ta ko'ina, bai ga cakin tsuntsu ba, ya mayar. Ya ce, "Mutanen nan sun iya kwaikwayo." Nas-nas ne suka shanye.

Yanzu ruwa kaɗai yake kurɓa, shi ma sai na rantse daga rijiyarmu na ɗebo. Likita na maganar saka masa roba ta hanci, kuma ya ce in ya fizge sai a ɗaure masa hannu. Hannun da ya yi wa alloli rawa, Yaya. Na ce a jira ka. Ka ce ranar Asabar. Na gaya wa Baba Asabar, ya sa na aske masa gemu.

Fumie

Iya, ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Tadanori,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Na ji uzurinka, ruwa ya ɓata muku aiki, ba ka samu fitowa ba. Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu.

Ranar Asabar tun safe Baba ya sa aka jingina shi da matashi, ya sa na taje masa kai, ya kafa wa ƙofa ido. Likita ya shigo, mai shara ta shigo, masu duba maƙwabcin gadonsa suka shigo suka fita. Da rana ta yi sanyi ya ce a kwantar da shi.

Jiya Lahadi na iso da tsakar rana, Kayoko ta tare ni a baranda har tana tuntuɓe. "Albishirinki! Tsoho ya ci! Da kansa ya ce a kawo!" Na shiga na same shi zaune da farantin asibiti a gabansa, shinkafa da kifi da miya mai tururi, yana ci a natse. Ya cinye tas, ya jera tsinkayen cin abincin a bakin kwano, ya haɗa hannu ya yi godiya. Likita sai murmushi yake, ya ce in aka ci gaba haka ba da jimawa ba za a sallame shi. Kowa na yi mini barka. Ni kuwa sai na zauna a bakin gado.

Na ce, "Baba, ka gane nan asibiti ne ko?" Ya shafa kaina kamar ina yarinya. Ya ce, "Haba Fumie, na san inda nake. Innarki ta daɗe a nan ita kaɗai. Ki daina hawa tsanin nan, za ki faɗo." Ya ce in kai akwatin fuskoki wurin bauta, in ba mai kula da wurin, ya san wanda zai ba. Rabon da in ga hankalinsa a kwance haka tun Inna tana da rai, kuma ban taɓa jin tsoronsa kamar jiya ba.

Likita ya ce jininsa lafiya, zuciyarsa lafiya. Wataƙila shi ke da gaskiya, ni ce labarin Baba ya cika wa kai. Amma ka zo, ko yau ko gobe, ka bar musu gadarsu.

Ya ba ni saƙo gare ka, ya sa na maimaita don kada in sauya ko kalma. Ya ce in gaishe ka da kyau, in ce ba ya riƙe da kai da komai. Ya ce, "Ki ce masa kaico, da ya zo da wuri. Na riga na ci."

Ƙanwarka mai jiranka,
Fumie